Jarrabawar Kan Jirgi a Dogon Abijan

Duk wanda ya zauna a unguwar Arras ta Treichville, ko ya yi saye da sayarwa a Adjamé, cikin birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, ya san layin dogon da ya ɗaure waɗannan wurare biyu, wanda ya taso daga tsibirin da Treichville take a kai, ya haye gada, ya bi gefen Filato inda ofisoshin hukuma suke, sa'an nan ya kutsa ta Adjamé ya miƙe arewa. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu tsallake shi safe da yamma suke tuna cewa dogon ya girmi birnin. Sa'ad da Faransawa suka kafa ƙarfen farko a shekarar 1904, babu kome a wurin sai ƙauyukan Ebriye a bakin tafki, fadar gwamna kuwa tana Bingerville, kuma Abijan ba ta zama babban birnin ƙasar ba sai a 1934. Abin da muke nufin bayyanawa a nan shi ne tarihin kawunan jirgin da suka yi aiki a wannan hanya, da irin jarrabawar da kowannensu ya sha kafin a amince masa da rayukan matafiya, domin a cikin wannan al'amari, wanda a zahiri na injiniyoyi ne kaɗai, akwai labarin fatake da 'yan ci-rani, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba.

Mai sayen doki a kasuwa, in yana da hankali, ba ya wadatuwa da kyawun gashi da tsawon wuya da yabon dillali. Yakan buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a hau a yi sukuwa a gabansa, kuma duk da haka ba ya sanin haƙiƙanin abin da ya saya sai ran da ya yi doguwar tafiya a kansa, rana ta take, ruwa ya yi nisa. Haka al'amarin kan jirgi yake, kuma ma'abuta wannan sana'a sun gane haka tun farkonta. A watan Oktoba na 1829, da masu dogon Liverpool da Manchester a Ingila suka rasa ijma'i a kan abin da zai ja musu taragu, sai suka sa gasa a wani wuri da ake kira Rainhill, suka ajiye fam 500 ga wanda ya ci, suka gindaya sharaɗi cewa kowane inji ya ja nauyin da ya ninka nasa sau uku, da gudun da bai gaza mil 10 a sa'a ba, ya yi ta kai da komo har ya cika nisan da ya yi daidai da zuwa daga wannan birni zuwa wancan da dawowa. Waɗansu injunan sun yi gudu mai ban sha'awa na ɗan lokaci, sa'an nan suka lalace. Wanda ya kammala shi ne Rocket na gidan Stephenson. Hikimar alƙalan tana cikin sharaɗin nisa, domin gudu na sa'a guda abu ne da maƙera za su iya shiryawa, amma juriya ba ta karɓar ado.

To, wace irin hanya ce aka shimfiɗa wa injunan da aka kawo Abijan? Faɗinta mita ɗaya ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, alhali na Najeriya, wanda ya isa Kano a 1911, milimita 1,067 ne, don haka kan jirgin Kano ba zai taka dogon Abijan ba ko da an ɗauko shi an ɗora. An fara ta cikin kurmi mai duhu da yawan ruwan sama, aka isa Agboville a 1907, aka gina doguwar gadar ƙarfe a kan kogin N'Zi a Dimbokro a 1910, aka shiga Buwake a 1912 bayan kilomita sama da 300, sai Yaƙin Duniya na Farko ya tsayar da aikin shekaru. Da yake hukuma tana son a yi da araha, ba a fasa tudu an cike kwari yadda ya kamata ba. Aka bar dogon yana bin ƙasa yadda Allah ya halicce ta, yana lanƙwasa a matse, yana hawa har mita 25 cikin kowace mita 1,000 a waɗansu wurare, a kan ƙarafa marasa nauyi waɗanda ba sa ɗaukar inji mai ƙiba. Hannuwan da suka sare kurmin kuwa na aikin tilas ne, kuma a watan Janairu na 1910 mutanen Abbey, waɗanda haraji da dako da ƙwace bindigogi suka isa, suka tashi suka tsittsinke dogon a wurare da dama, suka kashe wani Bafaranshe mai suna Rubino, wanda har yau akwai tasha mai sunansa. Gwamna Angoulvant ya murƙushe su da tsananin da bai kamata a manta ba. Bayan yaƙi aka ci gaba, ta Katiola da Ferkessédougou, har jirgi ya isa Bobo Julaso a 1934, sa'an nan Wagadugu a 1954, nisan da ya kusa kilomita 1,150 daga teku.

Wanda ya bi wannan hanya daga farko zuwa ƙarshe ya ratsa ƙasashe uku a ɗabi'a ko da biyu ne a taswira: kurmi mai laima inda ganye da raɓa suke sa ƙafar inji ta yi ta santsi a kan ƙarfe, sai dajin tsakiya mai dogayen ciyayi, sai kuma ƙasar arewa mai ƙura da ƙarancin ruwa, inda bayan Banfora dole jirgi ya hau dutse kafin ya kai Bobo, wadda take sama da teku da fiye da mita 400. Injin da ya ci jarrabawa a ɗayansu yana iya faɗuwa a ɗayan. Ƙari a kan wannan, kafin a haƙa mashigar Vridi mai haɗa teku da tafki babu inda babban jirgin ruwa zai jingina, don haka kan jirgi yakan zo ne gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, a sauke shi a kwatar Grand-Bassam, daga baya a ta Port-Bouët da aka buɗe a 1931, ana fama da igiyar ruwa, a kai shi ma'aikatar gyara a harhaɗa. Ke nan abin da maƙeran Turai suka gwada a gidansu ba shi ne daidai abin da ya tsaya a Abijan ba, sai an sake gwada shi daga tushe.

Babbar mas'alar injin tururi ita ce cikinsa. Yana da tukunya mai cin ruwa da murhu mai cin wuta, kuma Kodebuwa ba ta da kwal irin wanda Najeriya take haƙowa a Inugu, sai wanda aka sayo daga ƙetare da tsada, don haka aka koma ga itace. Itace kuwa, kamar yadda kowa ya sani, yana da girman jiki da ƙarancin zafi in an gwada shi da kwal, saboda haka yana bukatar murhu mai faɗi da zurfi, da wurin tara shi mai yalwa, da tsayawa a kai a kai don a ɗora wani. A tashoshi akan jibge shi tuli-tuli, kuma masu sarowa da masu ɗaukowa mutanen ƙauyukan bakin dogo ne, waɗanda ba a rubuta sunayensu a takardar sakamakon kowace jarrabawa ba. Injiniyoyi suka sami kansu tsakanin wajibai biyu masu karo da juna: tudu yana neman inji mai ƙarfi, ƙarfi yana neman babbar tukunya, babbar tukunya tana da nauyi da tsawo, dogo kuwa siriri ne mai lanƙwasa, ba ya ɗaukar nauyi kuma ba ya yarda da tsawo.

Mafitar da aka samu ita ce a yi wa inji gaɓa, a rarraba nauyinsa a kan ƙafafu masu yawa. A ƙarshen shekarun 1920 wata ma'aikata ta Haine-Saint-Pierre a ƙasar Beljiyam ta ƙera wa dogon Kodebuwa wani irin inji da ake kira Golwé, ƙirƙirar injiniyoyinta biyu, Goldschmidt da Weber, mai rukunin ƙafafu biyu masu juyawa, murhu kuwa yana rataye a tsakaninsu inda babu abin da zai hana shi faɗi. Irin wannan inji bai yaɗu a duniya ba, kusan iyakarsa yankunan da Faransa take mulki a Afirka, kuma wannan kansa hukunci ne da hanya ta yanke. Wanda ya yaɗu shi ne Garratt, mai sunan Baturen Ingila da ya ƙago shi a farkon ƙarni na ashirin, wanda aka rataye tukunyarsa tsakanin injuna biyu, ɗaya a gaba ɗauke da tankin ruwa, ɗaya a baya ɗauke da makamashi, yana tafiya gaba da baya ba tare da bambanci ba. A ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatar Franco-Belge ta Raismes, a arewacin Faransa, ta ƙera wa dogon Abijan irin waɗannan manyan injuna. Ita ce kuma ta ƙera wa Aljeriya waɗansu Garratt na jan fasinja, aka gwada ɗaya a kan hanyar Faris zuwa Calais ya kai gudun kilomita 132 a sa'a, abin da ba a san wani Garratt ya wuce ba. Amma wannan lamba, duk da ƙayatarwarta, ba ta da wata fa'ida ga mai tafiya Bobo, wanda tambayarsa ita ce ko injin zai fita daga kwarin N'Zi da taragu cike ba tare da ya tsaya yana huci a tsakiyar tudu ba.

A al'adar ma'aikatan reluwe ko'ina, jarrabawar sabon inji tana da darajoji, kuma ba a tsallake ɗaya zuwa ɗaya. Da farko akan auna shi a tsaye, a san nauyin da kowace ƙafa take ɗora wa ƙarfe, a matsa wa tukunya ruwa fiye da abin da za ta ɗauka a aiki don a ga ko za ta yi yoyo. Sa'an nan ya fita shi kaɗai, ba ya jan kome, ana tsayawa ana taɓa gammon ƙafafunsa ko sun yi zafi. Bayan haka a rataya masa taragun kaya, ana ƙara nauyi sannu a hankali, a kai shi tudun da ya fi kowanne tsanani a tsayar da shi a tsakiya a ce ya tashi, a saukar da shi gangare a danna birki a auna nisan da ya yi kafin ya tsaya. Manyan kamfanoni ma suna da tarago na musamman mai ma'aunai, wanda ake sa wa tsakanin inji da sauran taragu yana rubuta ƙarfin ja a kan takarda. Daraja ta ƙarshe ita ce jirgin fasinja mai dogon zango, kuma akan sa sufeto ya tsaya bayan direba, wani lokaci a haɗa da tsohon inji don ko ta kwana. Dalilin jinkirta wannan daraja a bayyane yake: jirgin kaya yana iya kwana a daji babu mai kuka sai mai kayan, alhali jirgin fasinja yana da jadawali, dogon kuma guda ne, jirage ba sa wuce juna sai a tasha, don haka jinkirin ɗaya yakan zama jinkirin duka, ga shi kuma aibin da yake ɓoye a tafiyar sa'a uku yakan fito fili a sa'a ta ashirin, lokacin da toka ta cika murhu, mai ya tsinke, ƙarfe ya gaji, mai hura wuta ma ya gaji.

Su wane ne ke zaune a bayan injin yayin da ake wannan gwaji? Mafi yawansu Mosawa ne da maƙwabtansu. A 1932 Faransa ta rushe yankin Volta ta Sama, wato Burkina Faso ta yau, ta haɗe mafi girmansa da Kodebuwa, musabbabin kuwa har da bukatar hannuwa a gonakin koko da kofi da wuraren saran katako na kudu, kuma ba a mayar da yankin ba sai a 1947. Da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ta haramta aikin tilas, masu gonaki suka kafa ƙungiyar SIAMO don ɗauko leburori daga arewa, jirgin ƙasa ne kuma ya yi ta kwaso su. A cikin wannan ambaliya akwai namu. Hausawa sun san wannan shiyya tun kafin zuwan Nasara, zamanin da madugai suke jan ayari zuwa Gwanja da Bunduku neman goro, tafiyar watanni a kan jakuna. Da dogo ya zo sai hanyar ta karkata, mutanen Adar da Tawa da sauran ƙasar Nijar suka riƙa bin mota ta Yamai da Fada Ngurma zuwa Wagadugu, su hau jirgi, su sauka Abijan. Waɗansu suka zama 'yan dako a tashar jiragen ruwa, waɗansu mahauta da masu tsire, waɗansu 'yan koli da 'yan tebur, waɗansu masu sayar da garba, wato dambun rogon nan na ƙasar da soyayyen kifi wanda ya zama abincin talakan birni, waɗansu kuma suka zauna a Anyama, tasha ta kusa da Abijan wadda ta zama cibiyar goro, suna ɗaure huhu suna turawa arewa. Treichville, da titunanta masu lamba a maimakon suna, ita ce zangon farko na da yawa daga cikinsu, kuma a can ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir na 1958 a kan samarin Nijar 'yan ci-rani, wanda Umaru Ganda ya fito a ciki kafin shi ma ya zama mai shirya fina-finai.

Ga irin waɗannan matafiya, ingancin inji abu ne da ake ji a aljihu. Goro ɗanye ne, yana son laima da ganye, in ya kwana biyu a zafi sai ya fara ƙuna, farashinsa ya faɗi. Shanu da tumakin da ake saukowa da su mayankar Port-Bouët suna ramewa da kowace sa'a ta ƙishirwa. Ɗan ci-rani kuma da ya ƙulle guzurin yini da kwana, in jirgi ya lalace a daji sai ya ci daga jarinsa. Su ne shaidun da ba a kira ba, kuma a ganinmu shaidarsu ta fi ta sufeto ƙarfi, domin shi yana hawa ran gwaji ne kawai.

Akwai kuma masu riƙe da injin, waɗanda hukuma ta amince musu da dukiya mai tsada amma ba ta amince musu da daidaito ba. A ranar 10 ga Oktoba 1947 ma'aikatan reluwe na dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, kusan mutum 20,000, suka shiga yajin aiki, suna neman a sa baƙi da farare a tsari guda na albashi da gidaje da ƙarin girma. Na Abijan suka koma aiki a Janairu 1948, sauran suka jure har 19 ga Maris. Sembène Ousmane ya rubuta littafi a kan wannan yaji kamar yadda ya gudana a dogon Dakar. Abin lura shi ne lokacin da ya faru, daidai gab da sauyin injuna, sa'ad da ake shirin kawo abin da zai rage bukatar hannuwa ya ƙara bukatar ilimi.

A 1950 aka fasa mashigar Vridi, teku ta haɗu da tafki, a shekara mai biyowa aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya zama ana iya sauke inji sukutum da mai tanki-tanki. Kuma a cikin shekarun 1950 ɗin injin dizal ya kori na tururi daga wannan hanya. A 1957 aka buɗe gadar Houphouët-Boigny, motoci a sama jirgi a ƙasa, a madadin tsohuwar gada mai shawagi ta 1931. Yadda sabon injin yake aiki shi ne, dizal yana juya janareto, janareto yana ba da lantarki, lantarki yana juya motocin da ke manne da ƙafafu. Ba ya shan ruwa a hanya, ba ya neman itace, ba a kwana ana hura masa wuta, kuma yana da ƙarfi ƙwarai wajen tashi daga tsaye. Najeriya ma a 1955 ta karɓi injunan dizal ɗinta na farko daga kamfanin English Electric. Sai dai kowane magani da irin cutarsa. Maƙiyin dizal shi ne ƙura da zafi: hunturu yakan cusa ƙura cikin matatar iska, in ta wuce ta ci cikin inji, zafin bazara yakan rage masa ƙarfi ya tafasa ruwan sanyayawa, laimar kudu kuma tana shiga wayoyin lantarki. Injin tururi in ya lalace maƙerin ma'aikata yana iya ƙera masa abin da ya karye, na dizal kuwa sai an jira kayan gyara daga Turai da kuɗin waje, kuma wannan aibi ne da babu gwajin mako guda da zai nuna shi, sai bayan shekaru.

A nan ya kamata mu ɗan ratse. Tsayuwar shan ruwa da ɗaukar itace, wadda injiniya yake ƙirgawa a cikin hasara, ita ce damar da Musulmi matafiyi yake samu ya sauka da butarsa ya yi alwala, ya fuskanci alƙibla a kan ƙasa tabbatacciya, ya sallaci ƙasaru, ya sayi ayaba ko doya daga matan tasha. Da tsayuwa ta gajarta, sai mas'alolin da malamai suka karanta a babin sallar matafiyi, na jam'i da taimama da salla a kan abin hawa mai juyawa, suka fito daga littafi suka shiga tarago, matan tasha kuma suka koyi miƙa kaya ta taga suna gudu.

Daga 1960, da ƙasashen biyu suka sami mulkin kai, suka ci gaba da riƙe dogon tare a ƙarƙashin hukuma guda da ake kira RAN, kuma shekaru ashirin da suka biyo baya su ne zamanin da fasinja ya fi daraja a wannan hanya. Aka sayo injuna daga Faransa, na Alsthom da waɗansu, daga baya aka kawo na General Motors masu rukunin ƙafafu biyu, kowanne mai shida. Aka sake shata waɗansu sassan dogon don rage tudu da lanƙwasa, wanda yake nuna cewa bayan rabin ƙarni ana neman injin da zai dace da hanya, an dawo ana gyara hanya ta dace da inji. Aka sa jirage masu sauri guda biyu da suka yi suna, Gazelle da Bélier, wato Barewa da Rago, masu taragun sanyi da wurin cin abinci, kuma a ƙarshen shekarun 1970 masu hawa jirgi a shekara sun haura miliyan 3. A wancan zamani, sabon abu in ya zo, fasinja ne yake fara ganinsa.

Daga nan al'amari ya juya, kuma da sauri. Kwalta ta miƙe arewa, manyan motocin safa suka cika tashar Adjamé suna tashi a kowace sa'a, farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa hukumar katutu, injuna suka yi ta tsayawa don rashin kayan gyara ana cire na wannan ana sa wa wancan. A 1989 ƙasashen biyu suka raba gari, kowace ta kafa kamfaninta, abin bai yi kyau ba, a 1995 aka miƙa gudanarwa ga Sitarail, wanda rukunin Bolloré yake jagoranta, har zuwa 2022 da ya sayar da harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC. Ɗan kasuwa ya duba littafinsa ya ga riba tana cikin mai da siminti da taki da shinkafa masu hawa, da auduga da dabbobi masu sauka. Don haka injunan da aka sayo daga baya, masu ƙarfin doki dubbai, an zaɓe su ne don jan nauyi, jirgin fasinja kuwa ya koma 'yan kwanaki a mako, tafiyar da a da ake yi a yini da kwana ta kai kwana biyu. Yaƙin da ya ɓarke a Satumba 2002 ya raba Kodebuwa a daidai Buwake ya tsayar da jirage kusan shekara. A Satumba 2016 kuma wani sashe na gadar Dimbokro, wadda aka gina a 1910 don injunan da ba su kai rabin na yanzu nauyi ba, ya rufta a ƙarƙashin jirgin kaya. Aka gyara ta cikin gaggawa domin kayan Burkina Faso ba sa jira. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki, aka dakatar da jirgin fasinja mai tashi daga tashar Treichville zuwa Wagadugu, na kaya kuwa bai tsaya ba.

Sababbin jiragen fasinja da Abijan take jira yanzu na cikin gari ne, masu aiki da lantarki, a kan hanyar kilomita 37 daga Anyama zuwa Port-Bouët, wadda aka aza harsashinta a Nuwamba 2017 kuma aka rushe gidaje da rumfuna masu yawa a bakin tsohon dogo dominta. Za a gwada su, babu shakka, da ma'aunan da mutanen Rainhill ba su yi mafarkinsu ba, amma a tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba.

Saura magana guda, wadda ta fi shafar mutanen Tawa da Maraɗi da Damagaram. Sunan tsohuwar hanyar shi ne Abijan-Nijar, domin niyyar masu shata ta ita ce ta kai bakin kogin Kwara, kuma ba ta kai ba. Toma Sankara na Burkina Faso ya tara jama'arsa a 1985 suka shimfiɗa ƙarfe da hannuwansu daga Wagadugu suna nufin ma'adinan Tambao, aikin ya tsaya a Kaya, kimanin kilomita 100. A ɗaya ɓangaren, a Afrilu 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai a gaban Shugaba Mahamadu Isufu da baƙinsa, aka shimfiɗa dogo mai faɗin mita ɗaya, kimanin kilomita 140, zuwa Doso, aka kammala a 2016. Shari'a da saɓani a kan wanda yake da haƙƙin ginin suka hana a haɗa shi da Paraku ta ƙasar Benin, kuma bai ɗauki fasinja ko kaya na kasuwanci ba. Tsakanin Kaya da Yamai har yanzu ba a kafa ƙarfe ko ɗaya ba.